Ramin da Bassou Ya Ce Ya Mutu

Hammou yana shan shayi a kasuwar Midelt, direban motar Imilchil ya gaya masa rami ya rufta da Bassou. Da ya ji wane rami ne, sai ya ajiye kofin. Nasu ne su biyu, kuma Bassou da bakinsa ya ce ramin ya mutu, ba sauran komai a ciki.

Shekara ashirin suna haƙa tare, gurasa ɗaya suke gutsura. Bassou bai yi makaranta ba, amma ba wanda ya fi shi gane alanit, baƙin dutsen nan mai ƙyalli kamar kwalta. Yakan lashe shi, ya duba jan zoben tsatsa da ya kewaye shi, ya jinjina nauyinsa a tafin hannu. Shi ya koya wa Hammou komai.

Bara Bassou ya fito daga ramin yana girgiza kai. Tare suka rushe tulin duwatsun da ke nuna ramin yana da mai shi, yadda ake yi idan rami ya ƙare. Hammou ya yarda, ya koma kiwo.

An zaro gawar Bassou da jaka cike da alanit, kowanne naɗe cikin tsumma. Hammou ne ya yi masa wanka, yana kuka, ya kasa kallon fuskarsa.

Ranar kasuwa ta ƙarshe kafin ramin ya rufta, Hammou ya ga Bassou da sabuwar igiya, irin ta shiga rami.

"Kai tsohon bunsuru, wannan igiya fa?"

"Ta jakina ce, ɗan'uwa. Yaushe na taɓa ɓoye maka wani abu?"