Tiyon da Baba Ya Toshe

A garejin nan ba wanda ya taɓa jin Baba Mai Sifana ya ce "ban sani ba". A ƙarƙashin motoci ya yi furfura, kuma tun daga bakin titi kunnensa ke gane fistin ɗin da ke ciwo. Girman kai kam akwai shi buhu-buhu, amma aikinsa na kyau, shi ya sa ake haƙuri da shi.

Ana nan sai mijin 'yarsa ya sayo wata jar mota da araha, ya kawo ta yana ƙorafi. "Baba, baƙin mai take sha kamar ruwa."

Baba ya ɗaga bonet, gabansa ya faɗi. Wani dunƙulallen inji ne kamar tukunya, babu fistin ko ɗaya. Amma ya nuna jahilci a gaban suruki? Ina! Ya lalubo wasu siraran tiyo da ke kai baƙin mai cikin injin, ya ce ga ɓarayin nan, ya toshe su tsaf.

Washegari a kasuwa Baba yana ba mai sayar da kayan gyara labari yana dariya. Mutumin bai taya shi ba.

"Baba, ai irin wannan injin da gangan yake shan mai. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, man ne ke hana bakinsa cinyewa. In ya bushe, injin ya ci kansa. Kayansa kuwa, zaga kasuwar nan kaf, ko kwalinsu ba za ka gani ba."

Tun da safe surukin ya kama babbar hanya a motar tare da 'yar Baba, ga ta da tsohon ciki, hanyar da tireloli ke gudu kamar ba gobe. Nan take Baba ya kira ta a waya.

"Baba!" ta ce da murna. "Motar ta daina shan mai, maigidana yana ta sa maka albarka. Ga shi ma zai wuce wata tirela."

Ta bayan muryarta Baba na jin kukan injin, kuma kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Sautin ya fara shaƙewa.

"Ki ce ya koma hannunsa ya tsaya!" ya daka tsawa, duk kasuwa na ji. "Ban san injin nan ba, 'yata. Wallahi ban san shi ba!"