Rodin da Na Ɗaura a Ƙugu

Ranar wata Talata ce da hantsi, cikin daminar 2015, ruwa ya ɗauke ke nan, na tsaya a layi a ƙofar wata kasuwa a Jimeta, kwanon sarki cike da tsakuwa a kaina. Shekarata goma sha ɗaya. A lokacin ba ka shiga kasuwa sai ɗan sintiri ya goga maka wata na'ura mai kama da muciya, daga kafaɗa zuwa gwiwa. Matar da ke gabana ta wuce, na matsa. Ya goga a kafaɗata, shiru. Yana saukowa ƙuguna sai abin ya ɗauki kuka, ƙi-ƙi-ƙi, ba ƙaƙƙautawa. Na ga idanunsa sun firfito. Ya yar da na'urar, ya ja da baya yana ihu, kafin in ƙifta ido ƙofar nan da ba ka samun wurin sa ƙafa ta zama fili fetal, sai takalma da tumatir a warwatse cikin taɓo. Wallahi ban ma gane ni ake gudu ba, har na juya zan bi su.

Mu ba 'yan Jimeta ba ne. Daga wani ƙauye a ƙasar Bama muka fito, ni da mahaifiyata, wadda nake kira Inna, bayan mutanen daji masu bindiga sun shigo mana. Babana ya tsaya zai kora shanu ya biyo mu, har yau bai iso ba. Wani kawun Inna mai koyar da karatun allo a Demsawo ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, amma gidan ya riga ya cika da baƙi irinmu, tukunya ɗaya ba ta isar kowa. Sai Inna, matar da a gida ko itace ba ta faskarawa, ta ari guduma ta bi matan unguwa zuwa filin ɓaraguzai.

Gari ya cika ya batse a shekarun nan, kowa na rushe tsohon gini ya ɗora bene ko ya fitar da shaguna, abin da aka rusa kuma tifa ce ke kwasowa ta juye a wani fili a bayan unguwarmu. Mu a nan abincinmu yake. Mace za ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora guntun kankare a kan dutse, ta kewaye shi da zoben tsohuwar taya don kada ya yi tsalle, ta yi ta duka har ya koma tsakuwa. Mu yara mu tankaɗe da rariyar waya: manyan gefe guda don magina, garin gefe guda don masu buga bulo da masu cike ƙofar gida saboda taɓo. Abin da ya fi daraja shi ne rodi da wayar ɗauri da ke fitowa daga cikin ginshiƙai, waɗannan 'yan gwangwan ake kai wa. Tafin hannuna ya yi kanta, gashin idona kullum fari fat da siminti, amma fa duk unguwar babu mai duwatsun 'yar carafke irin nawa, don ni nake zaɓa tun daga tushe.

Shugabar filin, ko da yake ba wanda ya naɗa ta, ita ce Goggo Adama, wata doguwar Bafulatana daga Wuro Hausa, baki kamar reza. Hausarta ta Yola ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ranar da muka fara zuwa ta kalli zanen fuskar Inna, ta ji harshenmu, ta tofar da goro ta ce, "Mutanen Borno kuma? To, ku zauna can nesa inda nake ganinku." Can ƙarshen fili ta ajiye mu, kusa da juji, inda tifa ba ta zubar da komai sai bulo mai ruɓewa. Na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Idan ta juya baya nakan kwaikwayi tafiyarta har yaran wurin su faɗi da dariya, ita kuwa sunan da ta sa mini shi ne "Mai Kunnen Ƙashi".

Ban ga laifinta sosai ba yanzu, don tsoro a shekarar nan tare da mu yake kwana yake tashi. Bam ya riga ya tashi a cikin gari, kuma kowa ya ji labarin yara mata da ake ɗaura wa abin a ciki, a lulluɓe su da hijabi, a tura su cikin jama'a. Tifa ta juye kaya da ƙarfi, sai ka ga mata sun zubar da guduma sun kwanta. A makarantarmu ta yamma an daina taron shiga aji da na tashi, malami kan zazzage jakar kowa a bakin ƙofa, tawa kuwa sau biyu yake dubawa. Idan na shiga Keke Napep da hijabina, mutane kan matsa su bar mini wuri mai faɗi, wata ma ta taɓa sauka tun ba a kai inda za ta ba. Inna kullum maganarta ɗaya: "Kada ki yi gudu a titi, kada ki tsaya a taro, kada ki yi Barbarci a waje."

Akwai wata dabara ta matan filin. Rodi ba a barin shi a tsibi, ana juya ido ya yi ƙafa. Don haka mace kan jera guntayen a tsumma, ta naɗe, ta ɗaure da waya, ta yi ɗamara da shi a ƙarƙashin mayafi, kai kuma ya ɗauki kwanon tsakuwa. A cikin unguwa kawai ake yin haka, tsakanin fili da gida. Ranar Talatar nan tsakuwa ta faɗa wa Inna a ido ya kumbura, sai ta aike ni: in kai kwano ɗaya wurin wani mai shago a cikin kasuwa, in dawo, sannan in ɗauki rodin a hannu in bi ta bayan kasuwa zuwa wurin 'yan gwangwan. Ni kuwa gwanar wayo, na ce sawu biyu a kan me, ga ƙawayena na jirana da carafke? Na yi ɗamarata tsaf kamar yadda na ga manya na yi, wasu guntayen ma da dunƙulen kankare a jikinsu, na zumbula hijabi har ƙasa, na kama hanya ina jin kaina babbar mace.

To, ga ni a fili ni kaɗai. "Tsaya nan! Kada ki motsa!" Wani ɗan sintiri ne daga bayan buhunan yashi, ya saita ni da bindigar farauta. Wani ya ce in ajiye kwano, na ajiye. Ya ce in ɗaga hijabi a hankali. Na ɗaga. Ai kuwa sai kasuwa ta ɗauki salati gaba ɗaya, don abin da suka gani shi ne tsumma a naɗe da ƙugun yarinya, ƙulli-ƙulli, ga bakin waya na leƙowa. Sai a lokacin na gane. Ana ta jefo mini tambaya, wa ya aiko ki, daga ina kike, na buɗe baki in ce rodi ne, Hausar ta gudu ta bar ni, abin da ya fito Barbarci ne, ina kiran Inna. Na ji wani ya ce, "Kun ji ko? Irinsu ce! Harbe ta kafin ta taɓa!" Dutse ya faɗo kusa da ƙafata, wani ya same ni a kafaɗa. Fitsari ya bi ƙafata, ina ji, ban iya tsayar da shi ba. Na rufe ido ina jiran ƙarar.

Abin da na ji maimakon haka shi ne takun silifa a cikin taɓo, faɗat, faɗat, ba sauri ba jinkiri, da muryoyi na ihu, "Hajiya, koma! Hajiya, za ki mutu!" Na buɗe ido. Goggo Adama ce, da ƙullin goron da ta zo saye a hannu. Ba ta kalli mai bindiga ba, ta zo ta tsaya tsakanina da shi, ta jawo kaina ta manna a cikinta. Zaninta na warin siminti da hayaƙi. Ta ce a hankali, "Kai, Mai Kunnen Ƙashi, bar motsi." Na ji yatsunta a ƙuguna suna neman bakin wayar, sanyi ƙalau. Ta warware, ta warware, tsumman ya buɗe, rodin ya zube ƙasa da ƙara. Rabin mutanen suka kwanta. Ta ɗauki guda ta ɗaga sama ta ce, "Ga bam ɗin naku! Ƙarfen gidajenku ne da kuka rusa, marasa kunya, ƙattin banza a kan yaro ƙarami!" Sannan ta juyo ta sharara mini mari wanda har yau kunnena na hagu yana tuna shi. Daga nan ta zauna daɓas a cikin taɓon, ni ma na zauna.

Inna ba ta dake ni ba, da ma ta daka da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi da ido ɗaya, ta juya ta fuskanci bango. Na yi sati ban fita ba, na yi shekara ban bi ta ƙofar kasuwar nan ba. Da na koma fili, na tarar an matso da dutsen Inna kusa da na Goggo. Ba wanda ya yi bayani, kuma zagin da take mini bai ragu ko kaɗan ba.

Shekara biyu da suka wuce na je gaishe ta a Wuro Hausa, ta tsufa, ido ya tafi, tana kwance a tabarma. Na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita: "Goggo, ta yaya kika san rodi ne?" Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wa ya gaya maka na sani? Na san kai ne, amma abin da ke ƙugunka ban sani ba. Waɗancan yaran da ake ɗaura wa, su ma ai 'ya'yan wasu ne. Na dai ga kana kiran uwarka ba mai amsawa, na ce ko mene ne, yaro ba zai mutu shi kaɗai a tsakiyar titi ba." Ta laluba hannuna, ta shafa tafin, ta ce ya yi laushi, na zama 'yar gayu. Ba ta ga azumin da ya biyo baya ba.

Yanzu filin nan bene ne mai hawa uku, ƙasansa shagunan waya. Ɓaraguzai kuma bayan gari ake kai su, kaɗan ke zuwa hannun mata, saura inji ya niƙe. Ƙofar kasuwa a buɗe take, 'yan mata na shiga da hijabansu suna dariya, ba mai kallon ƙugunsu, kuma ina gode wa Allah da haka. Ba na kewar tsoron, ko kusa. Amma a wancan lokacin da kowa ke gudun kowa ne wata mata da ba ta ma sona ta tako zuwa wurina. Na gode mata sau ɗaya tak, shi ma ta ce in rufe mata baki.