Takardar da Ke Kan Fuskar Kakana

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da fure a hannu, wanda suka yi da takardar nan mai laushi ta share hannu. Ta miƙo mini tana jiran yabo. Da na karɓa, takardar ta yi wata 'yar ƙara a yatsuna, sai na tsaya ina kallon furen. Bari in gaya maka dalili, don na daɗe ina ɗauke da abin nan ni kaɗai.

Ina aji uku a wata firamare da ke gindin dutse, wajen Kagoro, malamarmu ta aikin hannu ta ce kowa ya zo da takarda marar kauri, za ta koya mana yin fure. A lokacin ba a samunta a kowane shago kamar yanzu. 'Ya'yan masu kanti sukan ciro ta daga kwalin takalmi. Mu kuwa manoman citta da acca ne, takalmin da muka sani na roba ne, ba ya zuwa da kwali. Ni kuma tun ina ƙarami ba na son a ga na gaza, kuma halin bai sake ni ba har yau.

Na san inda guda ɗaya take. A ƙasan akwatin ƙarfen kakata, ƙarƙashin zanenta na zumuntar matan coci, akwai hoton kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, kuma sau ɗaya tak ya taɓa zama gaban mai hoto. Hoton na cikin wani kwali mai buɗewa kamar littafi, da farar takarda shara-shara a kan fuskarsa. Sau ɗaya a shekara Kaka take buɗe shi, bayan girbi, ranar tunawa da rasuwarsa. A ganina takardar ado ce kawai. Na jira ta tafi gona, na cire ta, na rufe kwalin na mayar.

Malama ta sa muka yanka takardunmu gida huɗu, muka jera, muka naɗe kamar mafici, muka ɗaure tsakiya a kan tsinken tsintsiya. Sai a ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a taɓa bakinsu da ruwan zoɓo. Nawa ta ɗaga ta nuna wa aji. Na kawo wa Kaka ina ta fankama.

"Maigida, yau ka tuna da matarka?" in ji ta, don haka take tsokanata. Ta soke furen a saman ƙofarta.

Daminar shekarar ta yi ƙarfi. Ruwa na gangarowa daga dutse, bango na tsattsafo, gishiri na narkewa a kwano, ashana ma sai an ɗumama ta take kamawa. Ko sau ɗaya ban tuna da akwatin ba.

Ranar tunawa dangi suka taru a tsakar gida, fasto ya yi addu'a, Kaka ta fito da kwalin. Ya ƙi buɗewa. Ta ja kaɗan, muka ji ya yage. Danshi ya manne hoton da murfin, fuskar ta tafi da shi. Abin da ya rage hula ce, da riga mai maɓallai, da hannu biyu a kan gwiwa.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗaga kai ta dubi furen da ke saman ƙofa, wanda ya riga ya koɗe. Babana ya miƙe a fusace yana tambayar wanda ya taɓa akwatin.

"Zauna," ta ce. "Ruwa ne ya yi."

Da ta dake ni, da ya fi mini sauƙi. Daga shekarar, duk ranar tunawa sai ta kira ni: "Maigida, zo ka tsaya a haske." Ta riƙe haɓata, ta yi ta kallona. Wata shekara ta ce, "Goshi ɗin nan nashi ne. Saura kuwa na fara mantawa." Ina jin kunya da baƙin ciki, amma ban taɓa buɗe baki na ce ta gafarta mini ba.

Bayan jana'izarta muka buɗe akwatin. A cikin kwalin, daidai inda fuskar take a dā, ga furena an warware shi, an shimfiɗa yankan nan huɗu a jere. Ashe ta mayar da takardar wurinta.

Yanzu wayata cike take da hotunan da ban ma san ranar da na ɗauka ba, takardar kuwa muna share hannu da ita mu yar. Jiya da na tsaya ina ta jujjuya furen a hannu, 'yata ta ce, "Baba, bai yi kyau ba ne?" Na ce ya yi kyau ƙwarai. Sai na ce ta zo ta tsaya a haske, na riƙe haɓarta, na duba goshinta.