Malama Agogo da Masu Neman Lada

A kwalejin nan, idan ka ji ɗalibai na cewa "ga ta nan", ba sai ka tambayi wace ce ba. Malama Agogo ce. Gajeriya, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta, ga wani ƙaton agogon maza da ya fi ƙarfin tsintsiyar hannunta. Shekara goma sha tara ta yi tana buga tafireta a wani ofis, ranar da aka kawo kwamfuta aka ce mata an gode. Sai ta dawo kwaleji, aka ba ta ɗakin ƙarshe a ƙasan bene, maƙwabcin inda ake tara karyayyun kujeru, aka ce ta koya wa ɗalibai masu naƙasa zaman wurin aiki.

Darasinta ba shi da yawa. Ka zo kan lokaci. Ka amsa waya ba tare da ka ce "wai wa ye?" ba. Sannan takardar neman aiki ba ta farawa da "ku taimaka mini saboda Allah". Wannan ta ƙarshen ce ke tayar mata da hawan jini.

"Aiki kake nema ko sadaka? Sake rubutawa!"

Tana da dalilinta. A gidanta akwai ƙaninta, makaho, wanda ya fi duk 'yan gidansu ƙwaƙwalwa, amma tun yana ƙarami ba a taɓa barin ya wanke ko kofi ba. Yau shekararsa hamsin ba biyu, kuma har gobe sai ta juya masa sukari a shayi kafin ta fito.

A bara ne Allah ya haɗa ta da Auta. Shan-inna ya taɓa masa ƙafafu, da sanduna biyu yake tafiya, amma baki kam lafiya lau. Yayyensa mata biyar ne, to ka san sauran zancen. Sai dai a aji babu mai saurin hannunsa wajen jera takardu da ɗinke su. Don haka ta yi ta sintiri har wani mai shagon buga takardu ya yarda ya karɓe shi gwajin wata ɗaya, da alkawarin in ya ga aikinsa zai riƙe shi.

Mako na uku ta je duba shi. Tun daga ƙofa ta ji dariya. Ta wuce injin fotokofi, ta wuce teburin yankan takarda, sai ga Auta a kujerar mai shago mai juyawa, fanka na kaɗa masa, kofin shayi a dama, biskit a hagu, yana ba ma'aikata labarin ƙwallo. Har kumatu ya yi.

"Malama! Sannu da zuwa. A kawo miki shayi?"

"A kawo mini? Kai ne manajan yanzu? Me ka yi yau?"

"Na... duba wuri."

"Jiya fa?"

"Jiya ma wurin lafiya."

Wani dattijo da ke kan injin yanka, wanda kowa ke kira Baba, ya matso yana goge hannu. "Malama, ki yi haƙuri, laifinmu ne. Yaron nan ɗanmu ne. Ya za a yi muna nan da ƙafafunmu mu bar shi yana wahala? Ai mu ma lada muke nema."

"Baba, da girmanka. Duk garin nan babu inda ake samun lada sai a kan ɗalibina?"

"Subhanallahi! Taimako ya zama laifi?"

Malama ta bar shi nan tsaye. Ta shiga ofishin mai shago, ta bar ƙofa a buɗe da gangan, ta tambaye shi da ƙarfi ko zai riƙe Auta.

"Gaskiya, Malama, yaron kirki ne, yana sa mu nishaɗi. Amma in ɗauke shi ya yi me? Ban taɓa ganin ya yi komai ba. Zan dai rubuta masa takardar yabo mai kyau."

A waje dariya ta ɗauke. Da ta fito ta tarar da Auta riƙe da rabin biskit, ya kasa kai shi baki.

"Ka ji ko? Takardar yabo. Ina da irinta guda talatin a durowa, masu su duk suna gida."

"To Malama, in Baba ya karɓe abu daga hannuna, kokawa zan yi da shi? Sa'an babana ne."

"Ka ce: na gode Baba, bar shi, aikina ne. Faɗi mu ji."

Sau shida ya faɗa, duk yana ƙarewa da "in ba damuwa". Ta ji kamar ta cire agogon ta jefe shi.

Da ƙyar mai shago ya yarda da gwaji ɗaya. Ranar Alhamis akwai littattafan taro guda ɗari biyu, a jera shafi a ɗinke kafin sha biyun rana, Auta shi kaɗai. Malama Agogo ta zo tun bakwai da rabi, ta ja kujera ta zauna a bakin ɗakin kamar mai gadi. Sau uku Baba ya zo wucewa, wai almakashi yake nema, sau uku ta nuna masa almakashin a aljihunsa.

Aiki na tafiya, har ta fara sakin fuska. Wajen sha ɗaya Auta ya miƙa hannu ɗauko waya ta ɗinki, sandarsa ta zame, ta doki tarin takardun da ke gefen tebur. Shafuka suka watsu har ƙarƙashin inji.

Baba ya taho a guje. Mai fotokofi ta taho. Kuma wa ka ga ta riga kowa durƙusawa, hannu cike da takardu? Malama Agogo da kanta.

"Malama," in ji Auta. "Na gode. Ajiye, aikina ne. Baba, kai ma."

Ta dubi hannunta, ta ajiye su a hankali inda ta ɗauka, ta koma kujerarta. A rayuwarta ba ta taɓa zaman da ya yi mata tsawo irin wannan ba. Auta ya sauka ƙasa, ya ja jiki yana tsince shafi ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga, Baba na tsaye yana salati kamar ana yanka ɗansa.

Sha biyu da minti arba'in ya gama. Mai shago ya zo ya bubbuɗe littattafan, fuska a murtuke.

"Ka makara. Kuma guda goma sha ɗaya shafin tsakiya a kife yake. Wannan wane irin shirme ne? Warware su ka sake! Ranar Litinin in ka wuce ƙarfe takwas, kada ma ka shigo mini shago. Kuma tashi daga kujerata, ga benci can."

Auta ya washe baki har kunne. Tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa faɗa a kan aiki ba.

"Dariya kake yi?" in ji Malama Agogo, tana ƙwanƙwasa gilashin agogonta. "Minti arba'in! Ɗalibina! Da wane ido zan dubi mutane?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta yi wa Baba sallama, ya kau da kai, kuma har yau ba ya amsa gaisuwarta.