Rana ta Goma a Garajin Ɗan Talata

Da hantsin Laraba, 12 ga Maris 2025, labari ya same ni ina ƙarƙashin mota: Allah ya karɓi ran Yaya Ɗan Talata, makaniken Gure, dattijon majami'armu, bayan jinyar kwana huɗu kacal. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Mun binne shi washegari, kuma Musulmin da suka raka gawarsa sun ninka mu sau goma.

Yaya, shekara ashirin da shida garajina yana kallon naka, kwalta kawai ta raba mu. Ba zan yi maka ƙarya yau ba don ka mutu: ka sha ba ni haushi. Duk mutumin Gure ya san al'adarka. Kwana tara kana aiki a biya ka, rana ta goma kuwa ba ka karɓar ko dala. Lahadi ba ta shiga lissafin kwanakin, domin ka ce ba taka ba ce balle ka yi kyauta da ita. Idan ranar ta zo, ni da sauran makanikai sai mu zauna muna korar ƙuda, duk baburan gari da injinan ban-ruwa sun yi layi a ƙofarka.

Na taɓa tare ka bayan sujada, na ce ni ina fitar da ushirina duk wata, ɗaya cikin goma na abin da na samu, me ya kai ka haɗawa da kwanaki? Ka dube ni kana murmushin nan naka mai sa mutum ya ji kamar an kama shi da hannu a tukunya, ka ce, "Ayuba, wanda ya ba ka kuɗin, ba shi ne ya ba ka safiyar da ka same su ba? Wa ya ba ka kunnen jin inji? Duk ajiya ce aka bar mana, kuma Mai ita zai tambaya." Na ce to, na tafi gida ina gunaguni.

Ba kwanaki kaɗai ba. In ka sayo kaya daga Damagaram, buji goma, wato filogin inji, ɗaya ta shiga wani tsohon akwatin ƙarfe da ke bayan ƙofa. Bel goma, ɗaya akwati. Matarka, Mama Zinariya, takan ce Allah ya taimake ta 'ya'yanku shida ne, da sun kai goma, da na goman ya kwana a akwatin nan.

Kuma ba ka da wauta, ko da yake wasu sun zata haka. Wani attajiri mai motocin jigila, ba zan kama suna ba don yana nan da ransa, ya ɓoye motarsa har ranar goma ta zo, ya turo ta. Ka gyara masa tas. Da ya zo ɗauka sai ya tarar ka ɗora injinan ban-ruwa uku a baya, da masu su a zaune kusa da su. Ka ce, "Alhaji, ni na fitar da nawa. Waɗannan garin Bune za su, kai ma ga hanyar fitar da naka." Ya kai su, da gazuwal ɗinsa, wato man motar daga aljihunsa. Har yau in an tuna masa sai ya riƙe ciki don dariya.

Ni kaina na ci moriyarka. Wata rana wani inji ya gagare ni tun safe, mai shi yana tsaye a kaina yana huci. Ka tsallako kamar aron kile, wato sifana, ya kawo ka, ka saurara kaɗan, ka taɓa wuri ɗaya da yatsa, ka ce wa mutumin, "Ai Ayuba ya riga ya gano, ga shi nan." Ban gano komai ba, Yaya. Ban kuma taɓa gode maka ba, don girman kai.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da ya faru bayanka, don na san shi ne zai dame ka.

Ka tuna Kellu, bazawarar nan ta Gidigir mai injin niƙa? Da shi take ciyar da marayu biyar. Ya lalace mata a farkon azumi, lokacin da kowace mace ke neman garin kunun buɗa-baki, lokacin da take samun kuɗin rabin shekara. Ba ta da abin biya, don haka ta kawo maka shi, ka kwance, ka ce ta dawo ranar Juma'a, ranar goma. Ka faɗi ciwo ka bar shi a warwatse kan buhu. Babu wanda ya tuna da ita, babu wanda ya aika mata.

Ranar Juma'a muna zaune a tabarmin makoki sai ga ta, ta biya kuɗin mota tun daga Gidigir, da azumi a bakinta. Ta ga rumfa, ta ga mutane, ta gane. Ta shiga wurin mata ta yi gaisuwa, ta yi kukanta. Da ta fito na ga ta saci kallon garajinka a kulle, sau ɗaya tak, ta sunkuyar da kai. Na matsa na ce, "Baiwar Allah, injinki fa?" Ta ce, "Malam, a gidan mutuwa? Wallahi ban iya buɗe baki. Allah ya kawo wata hanya." Ta juya za ta nufi tasha.

Ka san ni. Ranar nan ina da aikin wata babbar mota da ke jirana bayan la'asar, aiki mai tsoka. Ga fararen kaya a jikina. Ga kuma maganar mutane, wai a ce an buɗe garaji mai shi bai kwana uku a kabari ba. Na tsaya ina auna waɗannan duka har Kellu ta kusa shan kwana. Sai na ji kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban fasto.

Na aika a tsayar da ita, na shiga wurin Mama Zinariya na roƙi makulli. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta kwance shi daga bakin zane, ta ce, "Malam Ayuba, duba cikin akwati, ba ya sa wa mutum rana bai tanadi kayan ba." Haka kuwa aka yi. Zoben fistan sabo fil yana ciki, ka naɗe shi a takarda, ka rubuta sunanta.

Awa uku na yi. Babbar motar ta gaji da jira ta koma wani garaji, fararen kayana kuwa sun gama yawo. Da na ja igiya, inji ya yi tari sau biyu, ya kama da ƙarar da ta cika unguwa. Masu zaman makoki suka miƙe a firgice, sannan limamin unguwar ya fara dariya, kowa ya ɗauka. Kellu ta durƙusa a rairayi tana shi albarka, rabi da Hausa rabi da Manganci. Mama Zinariya ta fito ƙofa, hawaye na zuba, tana dariya, ta ce, "Kada ku kashe tukuna. Tun Laraba gidan nan ya yi shiru da yawa."

Ya Ubangiji, bawanka ya riƙe abin da ka ba shi da aminci. Ka yi masa jinƙai, ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓe shi cikin hutunka har ranar tashin matattu. Ka ta'azantar da Mama Zinariya, da 'ya'yansa shida, da jikoki, da 'yar ƙaramar majami'armu, da maƙwabtanmu Musulmi da suka tsaya mana da azumi a baki cikin zafin rana. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Amin.

Yaya, na ƙirga kwanakin da yatsuna, na cire Lahadi biyu. Ta goma mai zuwa ta faɗo ranar Laraba, 26 ga wata. Gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye maka ba. Amma mutanen Gure, ku tsallako kwalta. Zan buɗe da sassafe.

Ayuba Makanike, Gure