Usur ɗin da ya hana unguwarmu sakat

Shekarun baya, lokacin da tsadar hatsi ta sa ake auna gero da gwangwanin madara, mutane na neman abin da za su kai baki, ni kuwa ina zaune a tsakar gida ina zaro harshe gaban madubi kamar ƙadangaruwa.

Ɗana na biyu yana da galahanga. Ya kusa isa shiga firamare amma ko kalma ɗaya ba ya furtawa. Yawu na zuba har gaban rigarsa ba ya bushewa, kuma in ba kunu ko koko ba, ba ya iya haɗiye komai. Lomar tuwo sai ta yini a kumatunsa. Da ƙyar muka tashi daga ƙauyenmu na wajen Tsanyawa muka kai shi asibiti a Kano. Matar da ta duba shi ta ce min, "Ban ce miki wannan zai sa shi magana ba fa. Tauna da haɗiya da yawun nan muke so mu gyara tukuna." Ta ce in riƙa shafa masa zuma a leɓen sama ya lashe, ya hura gashin kaza, ya zuƙi kunu mai kauri da bututun shan lemo, sannan mu zauna gaban madubi ina juya harshe yana kwaikwayo.

Da na faɗa wa maigidana, sai ya dube ni ya ce, "Zuma? A wannan shekarar?"

Sai na koma kwaɓa tunkuza da ɗan mazarƙwaila. Ina shafa masa, yaron nan ya sa yatsa ya kwashe ya tsotse, harshe ko motsi bai yi ba. Na sake, ya sake. Gashin kazar kuwa ya tattara ya jera su layi guda a bakin ƙofa, wanda ya taɓa ya shiga uku. Madubi kuma, ni ina ta dama da hagu da harshe har muƙamuƙina ya yi tsami, shi yana kallon hasken da madubin ya jefa a bango.

A haka maƙwabciyata ta shigo aron rariya ta same ni, ido waje, harshe na neman taɓa hanci. Ko rariyar ba ta karɓa ba ta juya ta fita. Kafin la'asar labari ya zaga cewa iska ta taɓa ni. Washegari surukata ta iso da kaskon hayaƙi.

"Ke yarinyar nan, ashe abin daga wajenki yake."

"Inna, asibiti suka ce in yi."

"Asibitin ne suka ce ki yi wa yaro gwalo?"

Wannan duk na iya shanyewa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da ta ce linzami ne ya riƙe harshen, a kira wanzami ya yanke. Yaron da ko farce ba ya yarda a yanke masa! Na ce an duba a Kano, ba shi da linzami. Ta ce na raina ta, ta aika aka kira wanzamin. Na ɗauki yaro na shiga ɗaki na sa sakata har wanzamin ya gaji ya tafi. Mun daɗe ina gaishe ta tana amsawa da hanci.

Ran wata kasuwa maigidana ya dawo da usur na roba, ya ce tunda gashin kaza ya gagara, a gwada wannan. Yaron ya yi kwanaki yana juya shi a hannu. Wata safiya ina tankaɗe sai na ji "fiiit!" Na saki rariya na yi guɗa.

Da na san abin da ke tafe, da na rage murnar. Daga sallar asuba har magariba usur ne. Kaji suka daina kwanci a gidan. Yara masu ƙwallo a bayan katanga suna tsayawa su zaci an yi laifi. Liman ya aiko a ba yaron haƙuri. Ni kaina kunnena har amsa-kuwwa yake.

Ranar da abin ya ishi surukata, ta taso ta miƙa hannu. "Kawo nan, ja'iri."

Ya cire usur daga baki, ya damƙe shi a ƙirji, ya ce, "A'a."

Tsohuwar nan ta zube a ƙasa tana hawaye tana cewa, "Sake faɗa, ɗan albarka, sake faɗa." Ya dube ta ya busa mata usur a fuska.

Yanzu ya girma. Yana cin tuwonsa, yawun ya tsaya, yana da 'yan kalmominsa. Ban san ko wahalar da na sha ce ta yi aiki ba, ko lokacinsa ne kawai ya yi. Allah ne masani. Abin da na gane shi ne, ba a jan yaro irin wannan da igiya. Sai ka bi ta inda ya yarda ya bi.

Har yau "a'a" ta fi kowace kalma sauƙi a bakinsa. Yi wanka, a'a. Sa takalmi, a'a. Raina ya ɓaci in ɗaga murya, sai in tuna ni ce na yi shekaru ina roƙon Allah ya buɗe bakin nan, kuma ban faɗi kalmar da nake so ya fara da ita ba.