Albasar da Ba Ta Je Abijan Ba

Duk ranar da na yanka albasar da ta fara tsiro, na ga koren nan a cikinta, sai hankalina ya koma gidanmu na can wajen Malbaza, shekarar da na gama kwaleji.

Kakanmu ya bar gonakin albasa da ba a raba ba. Babanmu ne babba, shi ke jagorancin ƙannensa maza da mata. Baffana, autansu, shi kaɗai ya cire rabonsa ya tsaya da kansa, katanga ɗaya tsakaninmu da su. 'Yarsa sa'ata ce, ajinmu ɗaya, kuma kullum ina gabanta a jarrabawa.

Lokacin zafi, bayan an cika rudu, wato bukkokin da ake adana albasa, wani Alhaji da ke saye a Abijan ya sauka a ƙofarmu. Yana son gidan da zai riƙa aika masa kamyo, wato babbar motar kaya, cike da albasa kai tsaye, a kuma zaunar da mutum guda can ya kula da kaya. Wajen Babanmu ya fara zuwa. Ranar ce Baba ya ce mini, idan kayan nan suka ƙetare, zan tafi lise, makarantar gaba da kwaleji, a Tawa. Na kwana ina ninke tufafina a zuci.

Amma ka san gidan gado. Ba a ɗaga buhu sai kowa ya zauna kan tabarma ya ce ya yarda. Baba ya hau babur ya je Illela wajen gwaggona, ya je Bazaga wajen ƙanensa mai awaki. In an samu wannan, wancan ya tafi kasuwa. Da aka haɗu, gwaggo ta ce, "Yaya, albasar tsohonmu ta tahi inda idonmu ba ya kai? Wa za shi zamna can?" Kowa na son ɗansa, ba wanda ya yarda da ɗan wani. Baba bai iya tsawa ba. Ya ce a sake shawara.

Alhajin nan kuwa ya zagaya katanga. Baffa ya amsa masa tun shayi bai huce ba. Ba shi da wanda zai tambaya. Ya jinginar da gonarsa, ya ɗauki direbansa, wanda ko dangi ba su haɗa ba, ya ce shi zai zauna Abijan. Innarmu ta ce, "Bare za shi ba dukiya? Mu gani." Muka gani. Ta ramin katanga nake leƙen jajayen buhuna ana loda su, ana waƙa. Tamu albasar tana rudu har iskar damina ta shigo, ta tsiro, aka sayar da ita a Konni yadda aka samu.

Da hutu ya ƙare, 'yar baffana ta shigo yi mana sallama da sabuwar jaka mai zif, za ta lise. Ta ce, "Mi zan kawo miki daga Tawa?" Na ce, "Lahiyarki kawai." Na raka ta bakin mota, na dawo na tarar Baba zaune yana ware ruɓaɓɓun albasa daga masu kyau. Bai ɗago ba. Bai sake ambaton lise ba.

Yau motocin Baffa har Akara suke zuwa, 'yarsa ce ke riƙe da buro, wato ofishinsa. Gonakinmu na nan ba a raba ba, suna ciyar da gidajenmu duka, har da marayun gwaggo, kuma na san wannan ne abin da Baba ya tsare, Allah Ya jiƙansa. Ina yi wa 'yar'uwata addu'a bayan salla, da gaske nake yi. Duk shekara tana aiko mini da sabulu mai ƙamshi daga Abijan. Ina yi mata godiya, in raba wa maƙwabta. Har yau ban iya yin wanka da shi ba.